Alhamis, ranar da Baba ya cire abin kunne

Ƙarfe 11 na dare ta gota, ina zaune a tsakar gida, amma har yanzu kukan goge nake ji a kunnena. Yau kwana 9 da fara ɗaukar fim ɗin, kuma yau na ware don naɗar babbar waƙar, wadda labarin duka ya dogara a kanta: tsohon mai goge da ɗansa ya bar shi ya tafi Kano neman situdiyo.

Kuskuren farko nawa ne. Na sa aikin ranar Alhamis, na manta yau kasuwar Dole, babbar kasuwar nan Damagaram, ke ci. Ɗakin da muka kama haya a Zango bakin hanya yake, tun da hantsi kabu-kabu da adaidaita suke ta kai da kawowa. Mai ɗakin ya manna kwalayen ƙwai a bango yana ta alfahari da su. Kwalin ƙwai kuwa amsa-kuwwar cikin ɗaki kawai yake ɗan ragewa, bai taɓa hana ƙarar babur shigowa ba.

Shirinmu shi ne wanda kowa ya saba: a fara aza kiɗan a kwamfuta, mawaƙi ya hau kai, ranar ɗaukar hoto a kunna, ɗan wasa ya bi da baki. Mai sautinmu ya sa wa Baba, tsohon da ke mana gogen, abin kunne, ya sakar masa ma'aunin nan mai tak, tak, tak, bugu 96 a minti. Sau uku Baba yana farawa yana tsayawa. In ya zo kan kirari sai ya ja, in mata masu ƙwarya suka amsa sai ya ƙara wuta, ma'aunin kuwa ko a jikinsa. A na huɗu ya zare abin ya aje a cinya.

"Ɗana, wannan da ke ƙwanƙwasa mini kai, wa ya koya masa kiɗa?"

Na ce, "Baba, ma'auni ne, don kada a kauce."

Ya ce, "Tun kafin a haife ka ƙwarya ke bin gogena. Yau kuma ni zan bi ƙarfe?"

Ban sami amsa ba, sai ga wuta ta ɗauke. Aka tada gurup, ƙararsa ta shige makirfo har ta fi ta babura. Jika 10 na hayar ɗaki suka tafi a banza.

Da azahar, muna shan shayi a fadarmu, ƙanena ya tuna mini da zauren gidan kawunmu a Birni. Ginin ƙasa ne tun na kakanni, bangon ya kai kamu biyu kauri, rufin ɗaurin guga. Kawu yana cewa zauren ya riga 1926, shekarar da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka kai Yamai. Da na tafa hannu a ciki na ji yadda sautin ya faɗi a hankali, babu wannan ƙarar gwangwani ta ɗakin siminti, sai na ji kunyar kwana nawa na yi ina neman situdiyo alhali ga wannan a gidanmu.

Kawu bai amsa da sauri ba. Goge ne, kuma mutanenmu da sun ji goge sai su tuna bori. Na durƙusa na ba shi labarin fim ɗin tun daga farko. Ya yi shiru, can ya ce, "To, amma kafin kiran magariba ku tashi, kuma ban da rawa a ƙofar gidana." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu."

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarmi. Na'urar naɗi mai batir, makirfo biyu: ɗaya daf da ƙoƙon gogen, ɗaya a kan sanda saman masu ƙwarya. Tunda ba mu da allon nan da ake bugawa, ƙanena ne ke tafi ɗaya a gaban kyamara don mu haɗa sauti da hoto daga baya. Baba ya goga wa izga ƙaro, ya gwada tsirkiya, ya ce iskar hunturu ta busar da fatar, muryar ta ɗan hau. Ni dai daɗi ta yi mini.

Ɗauka ta farko ɗan garuwa ya ɓata ta da kiransa a lungu, kuma a garin nan ba a korar mai ruwa. Ta biyu batirin kyamara ya mutu. Ta uku kuwa, ban san lokacin da na daina kallon allo ba. Baba ya rufe ido, ya ja baitin da yake kiran ɗansa har ƙwarya ta yi shiru tana jiransa, sannan suka afka tare. Ɗaya daga cikin matan tana bugawa tana share hawaye da gefen mayafi. Na manta ban ce a tsaya ba, sai mai kyamara ne ya taɓa ni.

Minti 7 da daƙiƙa 40. A rubuce minti 4 na ba waƙar.

Mun yi gardama da mai sauti a hanya. Akwai kukan tattabaru a ciki, da tarin wani yaro wajen minti na 5, yana so ya goge su. Ya kuma yi gaskiya a abu ɗaya: tunda babu ma'auni, ba za a iya yanko rabin wannan ɗauka a liƙa da wata ba, saurinsu ba ɗaya ba ne, kuma kyamararmu guda ce. Na ce tarin ya zauna, tattabarun ma. Abin da zai fita daga fim ɗin don waƙar ta sami wuri shi ne fitowar tasha, wadda na kwana biyu ina rubutawa kuma na riga na biya ƴan wasa uku kuɗinta.

Na kwafe naɗin a wuri biyu, ɗaya na ba Inna ta sa a adakarta. Gobe Juma'a, sai an sauko daga masallaci za mu koma ɗaukar hannun Baba daga kusa. Ya riga ya gaya mini ba zai iya maimaita abin da ya yi yau ba, ko da an kunna masa.