Awa biyu a lambun Yuyuan

Kwana huɗu ina zagayen kasuwanni a Shanghai, ƙafata har ta kumbura, kunnena ba abin da yake ji sai ƙarar motoci da hayaniyar ciniki. Jiya abokin tafiyata ya ce, "Alhaji, yau a bar maganar kwantena." Ya ja ni lambun Yuyuan.

Da farko raina bai so ba, don bakin wurin cike yake da 'yan yawon buɗe ido da masu sayar da tsaraba, kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah. Ga wata gada mai lanƙwasa tara a kan tafki, wai aljanu miƙe suke tafiya, ba sa iya shan kwana. Na yi dariya, na dai bi ta.

Da muka shige ciki na sami wani lungu bayan katangar da aka yi wa samanta siffar dodon Sinawa, na zauna. Kifaye ja da ruwan ɗorawa suna ta kewayawa. Ganye ya faɗo, suka taru a kansa suna zaton abinci ne. Filin duka kusan hekta biyu ne, amma duwatsu da ƙananan ƙofofi sun rarraba shi, ba ka taɓa hango ƙarshensa.

Wani jami'in daular Ming ta tsoffin sarakunan ƙasar Sin, Pan Yunduan, shi ya fara gina lambun a 1559 don mahaifinsa ya huta a tsufansa. Nan na tuna Baba da tabarmarsa a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Na buga masa waya, ashe a can gida yanzu ya dawo daga sallar asuba.