Godiya bayan kare kundina kan madara da tumbin gwaji

Alhamdulillah. Jiya da yamma na kare kundin digirina na biyu, malamai sun amince da aikin, sai 'yan gyare-gyare. Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na haɗa godiyar a nan.

Masu tsokanata cewa shekara biyu ina dama madara a kwalba, to ga abin da nake damawa. Madara ruwa ce da ƙwayoyin mai ke shawagi a cikinta, kowace da 'yar fatar da ke hana ta haɗewa da 'yar'uwarta. Muna son sanin halin da take shiga in ta sauka tumbi. Tunda ba a buɗe cikin mutum a leƙa, sai a haɗa tumbin gwaji: ɗumi digiri 37 irin na jiki, ga asid, ga sinadarin fefsin mai datse furotin, na'ura na ta motsa su.

Farfesa, ku zan fara yi wa godiya. Na zo muku da tsarin INFOGEST na 2014, wato ƙa'idar da masu bincike ke bi wajen kwaikwayon narkewar abinci a ɗakin gwaji, wanda ake kai tsami pH 3 (pH ma'aunin tsami ne, ƙaramar lamba na nufin tsami mai yawa) tashi guda a bar shi awa biyu. Kuka ce tsarin yana da kyau, amma madara tana shiga ne da pH wajen 6.7, tumbi kuwa a hankali yake zubo asid, don haka in riƙa ɗigawa. A raina na ce an ƙara min wahala. Ashe nan aikin yake. Cikin 'yan mintuna, tun tsami bai kai pH 4.6 da kasin, babban furotin ɗin madara, ke dunƙulewa da kansa ba, fefsin ya riga ya tsinka madarar. Ranar da na fara juye ta a rariya, na ga curi guda, fari, mai tauri, ruwa na tsiyaya daga jikinsa, man ya maƙale a ciki, sai da na ɗauki hoto na tura muku da dare. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Wadda aka dafa da tsananin zafi don ta daɗe a kwali kuwa ba ta yin curi haka. Sai gudaji masu laushi, taɓawa kaɗan su wargaje, saboda zafin ya sa furotin ɗin ruwan madarar ya manne wa kasin. A kofi ba za ka bambance su sosai ba, amma a tumbi kowace da tafiyarta. Ni wannan ne ya fi burge ni a duk aikin.

Baba mai kula da ɗakin gwaji, ban san da wane baki zan gode muku ba. Ku kuka lura na'urar auna pH ta kauce, bayan na yi mako uku ina tara lambobin banza. Na zauna a ƙasa ina kuka, kuka bar ni na gama, sannan kuka miƙo min ruwan saita ta kuka ce, “Tashi 'yata, madara ba ta ƙare a duniya ba.”

Abokan aikina da suka kwana da ni muna ɗibar samfur, na gode. Umma, addu'arku ce. Maigida kuma, da ka haƙura da ƙarnin tsinkakkiyar madara a farar rigata, Allah ya bar zumunci.

Ƙanwata da za ta gāji na'urar: bututun asid yana toshewa, ki duba shi kafin ki zuba madara. Burushin wanke shi yana aljihun tebur na biyu.