Tsakanin E da A'a: abin da zaɓukan Ohayo suka koya mini

A jihar Ohayo ta Amurka, ba 'yan takara kaɗai mai zaɓe ke tararwa a takardar ƙuri'a ba. In ya gama da shugaban ƙasa da sanata da alƙalai, can ƙasa akwai wasu tambayoyi da aka rubuta da Turancin lauyoyi, kowace da lambarta, amsarsu kuma biyu ce tak: E ko A'a. Babu hoton kowa, babu tambarin jam'iyya. Wata gyaran tsarin mulkin jiha ce, wata sabuwar doka ce, wata kuma bashi ne gwamnati ke neman izinin ciyowa. Tun 1912 mutanen jihar suka ba kansu wannan dama. Duk ƙungiyar da ta iya tara sa hannun masu rajista da ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'un zaɓen gwamna na baya, daga aƙalla gundumomi 44 cikin 88, tana iya kai gyaran tsarin mulki gaban jama'a ba tare da ta bi ta majalisa ba. A 2023 adadin da ake buƙata ya ɗan haura dubu 413.

Ni tafinta ne a birnin Kolumbus, asibiti da makarantu nake zagayawa. Amma da zarar zaɓe ya ƙarato sai wayata ta cika da saƙonnin murya. Hausawan nan ba mu kama ƙafar Somaliyawa a yawa ba, kuma haɗin gambiza ne: 'yan zango daga Kumasi da Akara, mutanen Maraɗi da Damagaram, sai mu 'yan Najeriya. Dokar tarayya ta tilasta wa wasu gundumomi buga takardar zaɓe da Sifaniyanci ko wasu harsunan Asiya ko na 'yan asalin ƙasar, amma babu harshen Afirka ko ɗaya a lissafin. Dattijon da ya yi shekaru yana wahala kafin ya zama ɗan ƙasa, ya ci jarrabawa, ya yi rantsuwa, in ya shiga rumfa ya ga shafi cike da rubutu, ko dai ya tsallake ko ya yi canki-canka. Wannan ne ya sa muka soma zama bayan sallar Juma'a da samfurin takardar ƙuri'a da muke bugowa daga shafin hukumar zaɓen gunduma.

'Yan Nijar sun fi kowa saurin kama zancen. Ina cewa “irin ƙuri'ar raba gardamar tazarce ce ta 2009” sai ka ga ana gyaɗa kai, domin sun san yadda ake jefa wa rubutu ƙuri'a, sun kuma san abin da rubutu ke iya ɓoyewa. Mu da muka tashi da laima da tsintsiya, idonmu tambari yake nema. Tambayar da ake fara yi mini ita ce, “Malam, wanne ne na Democrat, wanne ne na Republican?”

Shekarar 2023 ce ta nuna mini haɗarin wannan tambaya. An yi zaɓe biyu cikin wata uku, kuma a kowanne babbar tambayar sunanta Batu na 1. Na farko, ranar 8 ga Agusta, majalisar jiha ce ta kawo shi: a ɗaga rinjayen da ake buƙata wajen gyara tsarin mulki zuwa kashi 60 cikin ɗari, a kuma nemi sa hannu daga dukkan gundumomi 88. Na biyu, ranar 7 ga Nuwamba, jama'a ne suka kawo shi da sa hannu: a rubuta 'yancin yanke shawara kan haihuwa, har da zubar da ciki, a cikin tsarin mulki. Kowa ya san na farkon an shirya shi ne don tare wa na biyun hanya. Saboda haka wanda ya ce A'a a Agusta, galibi shi ne mai cewa E a Nuwamba, wanda kuma ya ce E a Agusta shi ne mai A'a a Nuwamba. Lamba ɗaya, unguwa ɗaya, allunan ƙofar gida iri ɗaya, wasu ma ba a cire na Agusta ba har kaka ta shigo. Akwai wanda ya zo mini da ƙarfin gwiwa ya ce shi ai ya riga ya sani, ɗansa ya gaya masa “Batu na 1, A'a”. Da na tambaye shi yaushe ɗan nasa ya faɗa, sai ya ce tun lokacin zafi.

Daga nan na daina amfani da kalmar goyon baya ko adawa gaba ɗaya. Kowane batu jimla biyu nake masa: in E ta yi rinjaye ga abin da zai canza, in A'a ta yi rinjaye ga abin da zai zauna yadda yake. Jimla ta biyun ce ta fi wuya, ita ce kuma masu talla ba sa faɗa. A Nuwamba 2023, A'a ba ta nufin an hana zubar da ciki washegari. Tana nufin tsarin mulki bai canza ba, kuma makomar dokar 2019, wadda ta hana zubarwa da zarar an ji bugun zuciyar ɗan tayi, wajen sati shida ke nan, tana nan a hannun kotu, domin wani alƙali ya dakatar da ita tun Satumba 2022. E kuma ba zubar da ciki kaɗai ta ƙunsa ba. Rubutun ya ambaci tazarar haihuwa, da maganin neman haihuwa, da kula da mai ɓari, ya kuma bar wa jiha ikon hanawa bayan ɗan tayi ya kai matakin iya rayuwa a waje, sai in likita ya ga rai ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Sai na jera waɗannan duka kafin in ce na yi bayani. In na bar ɗaya, na riga na tura mutum wani ɓangare ko da ban ambaci ɓangaren ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a aikin shi ne gano cewa rubutun da ke kan takardar ƙuri'a ba shi ne dokar ba. Taƙaitawa ce, kuma wani kwamiti na mutum biyar ne ke rubuta ta, sakataren jiha ne shugabansa, sauran huɗun shugabannin majalisa ke naɗa su. 'Yan siyasa ne ke nan, masu ra'ayi a kan abin da suke taƙaitawa. A 2024 abin ya fito fili. Batu na 1 na wannan shekarar ya nemi a ƙwace aikin shata iyakokin mazaɓu daga hukumar mutum bakwai da gwamna da sakataren jiha da mai binciken kuɗin jiha ke ciki, a ba wata hukumar mutum 15 da ba 'yan siyasa ba: biyar na Republican, biyar na Democrat, biyar 'yan ba-ruwanmu. Tushen maganar shi ne kotun ƙolin jihar ta yi watsi da taswirorin mazaɓun jihar har sau bakwai a 2022, kuma tsohuwar babbar mai shari'a Maureen O'Connor, 'yar Republican, ita ce ta ja gaban masu neman gyaran. Amma taƙaitawar da kwamitin ya rubuta ƙarƙashin Frank LaRose, sakataren jiha na lokacin, cewa ta yi za a wajabta wa sabuwar hukumar yanka mazaɓu don fifita jam'iyyu. An kai ƙara, kotu ta bar mafi yawan rubutun yadda yake. Sai ga alluna a bakin titi, mai cewa E don a daina maguɗin mazaɓu, mai cewa A'a don a daina maguɗin mazaɓu. Masu adawa da gyaran suna da hujjarsu: sun ce tilasta rabon kujeru ya bi rabon ƙuri'un jam'iyyu shi ma yanka ne da gangan, kuma 'yan sabuwar hukumar ba wanda ya zaɓe su, balle ya iya cire su da ƙuri'a. Hujja ce da ta cancanci a saurara, kuma na faɗe ta a zamanmu. Amma a ganina wurinta shafin muhawara ne. Bai kamata a cusa ta cikin bayanin da mutum zai karanta shi kaɗai a rumfa yana zaton hukuma ce ke gaya masa gaskiya tsantsa ba. Batun ya faɗi da kusan kashi 54 na A'a, kuma har yau ina tunanin mutanen da suka fito rumfa da yaƙinin sun zaɓi abin da ba shi suka zaɓa ba.

Tun daga lokacin, takardu uku nake shimfiɗawa a kan tabarma: taƙaitawar, da cikakken rubutun gyaran, da hujjojin ɓangarorin biyu da ofishin sakataren jiha ke wallafawa, kowace ba ta wuce kalma 300 ba. Yana cin lokaci. Shayi kan huce, yara su fara jan rigar iyayensu. Duk da haka ba na rage ko ɗaya.

Wata Hajiya 'yar Kumasi, wadda ta haife ni ta haifi yayana, ta saurare ni har ƙarshe a kan batun zubar da ciki, tana jan carbinta. Da na gama sai ta ture takardun gefe.

“Kai ɗan nan, ka cika ni da magana. Kai ba Musulmi ba ne? Gaya mini wanda zan taɓa kawai.”

Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri. Ina da nawa ra'ayin, amma in na faɗa miki yau, gobe duk abin da na karanta miki za ki ce ra'ayina ne. Hukuncin addini ki tambayi liman, ya fi ni sani. Ni abin da ke rubuce zan gaya miki, ba ƙari ba ragi.”

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, “To sake karanta mini wurin mai ɓarin nan.”

Na sake karantawa. Ba ta gaya mini abin da ta yanke ba, ni ma ban tambaya ba. Wasu abokaina na ganin wannan tsantseni nawa ya yi yawa, tunda majami'un Katolika na jihar sun fito fili sun yi kamfe a kan batun, kuma doka ba ta hana wuraren ibada bayyana matsayinsu a kan irin waɗannan tambayoyi ba, ɗan takara ne aka hana su tallatawa. Ban ce masallaci kada ya yi magana ba. Abin da na ce shi ne mai wa'azi da mai karanta wa mutane takarda kada su zama mutum ɗaya. Wanda bai iya Turanci ba ya ba ka amanar idonsa ne, kuma ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Akwai kuma waɗanda ba su da ƙuri'a amma sakamakon ya shafe su, kuma su ne suka fi yawa a cikinmu. A zaɓen Nuwamba 2023 ɗin nan, Batu na 2 ya halatta wa mai shekara 21 zuwa sama riƙe tabar wiwi da shuka ta a gida, ya kuma wuce da kusan kashi 57, daidai da Batu na 1 na wannan ranar. Samarinmu suka ji an ce ta halatta. Abin da ba su ji ba shi ne a dokar tarayya haramun ce har yanzu, kuma shige da fice a hannun tarayya yake. Tun 2019 hukumar da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa ta bayyana cewa mu'amala da wiwi na iya hana mutum samun takardar ko da jiharsa ta halatta. Yaro mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, da ya kama aiki a shagon sayar da ita yana iya rusa wahalar shekaru da hannunsa. Na faɗi wannan a zama, na faɗa a WhatsApp, na tare iyaye a bakin masallaci na faɗa. Haka batun sa hannu: masu yawo da takarda a ƙofar manyan shaguna, wasunsu biyansu ake yi, kuma ba kowa ne ke tsayawa ya tambayi ko kai ɗan ƙasa ne ba. Mai rajistar zaɓe ne kaɗai ke da ikon sa hannu. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba kada ya sa hannu, kada ya yi rajista, kada ya kusanci ƙuri'a, domin laifi ne da ke kai mutum ga kora daga ƙasar.

Sauran abubuwan na tsari ne, cikin minti biyu ake gama su. Rajista na rufewa kwana 30 kafin zaɓe. Tun 2023 sai da katin shaida mai hoto. Ofishin hukumar zaɓen gundumar Franklin, wadda Kolumbus ke cikinta, na kan titin Morse, kusa da inda yawancinmu ke zaune, kuma ana iya jefa ƙuri'a a can tun makonni kafin ranar zaɓe. Wanda bai iya karatu ba doka ta ba shi damar shiga da mai taimako da ya zaɓa da kansa, in dai ba ubangidansa na aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa ba ne. Wannan damar nake yawan tunatarwa, tare da jan kunnen 'ya'yan da ke raka iyaye cewa karantawa aka ce su yi, zaɓi na mai ƙuri'a ne.

A Mayu 2025 an kawo wani Batu na 2, wanda ba shi da alaƙa da wiwi ko kaɗan: izinin jiha ta ciyo bashin dala biliyan 2.5 cikin shekara goma don gyaran tituna da gadoji da bututun ruwa na ƙananan hukumomi. Ba hayaniya, alluna ma ba a ga da yawa ba, mutane kaɗan ne suka fita, ya kuma wuce cikin sauƙi. Mun zauna a kansa kamar yadda muka zauna a kan na baya. Wani direban babbar mota ɗan Maraɗi ne ya riƙe mu har kusan la'asar, yana son sanin daga wane aljihu za a biya bashin da ruwansa, da kuma dalilin da ya sa jiha ba ta iya cin bashi mai yawa haka sai ta tambayi jama'a. Na nuna masa cewa tsarin mulkin jihar ne ya ƙayyade bashin da gwamnati za ta iya ci, shi ya sa duk wanda ya wuce ƙa'ida sai an gyara tsarin mulkin da ƙuri'a, kuma daga kuɗin shigar jiha ake biya. Ya nemi in ba shi takardun ya tafi da su, ya ce akwai direbobi 'yan'uwansa masu ƙuri'a da ba su samu zuwa ba.