Yadda na haɗa manazartar maƙalarmu kan tsargiya

Maƙalar da muka rubuta da abokan aikina a Birnin Kebbi ta shafi tsargiya ne a tsakanin yaran firamare na ƙauyukan bakin Kwara a yankin Yauri. Tattara fitsarin yara da duba shi a ɗakin gwaji duk tare muka yi, amma da aka zo kan manazarta sai aka miƙo mini, tunda ni ne ƙarami a cikinmu.

Mujallar da muka fara nufa tsarin APA na jera manazarta take bi, wato na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, bugu na 7 da ya fito a 2019. A nan sunan marubuci da shekara ake sakawa a cikin rubutu, idan marubutan sun kai uku a rubuta na farko a bi shi da "et al.", wato "da sauransu", sannan a jera manazartar a ƙarshe bisa tsarin haruffa. Suka dawo mana da ita cewa ba fanninsu ba ne. Ta biyu mujallar likitanci ce, tana bin tsarin Vancouver, wanda ya samo asali daga taron da wasu editocin mujallun likitanci suka yi a birnin Vancouver na Kanada a 1978. Shi kuma lamba ake ba kowace madogara bisa yadda ta fara bayyana a rubutu, a taƙaita sunan mujalla yadda ɗakin karatun likitanci na Amurka ya tsara, a rubuta marubuta shida na farko kafin "et al." Wahalarsa ita ce, da zarar ka ɗaga sakin layi ɗaya ka kai shi sama, duk lambobin da ke ƙasa sun rikice.

Wannan ɓangaren bai ba ni wuya ba, domin tun farko da Zotero, manhajar tattara manazarta da tsara su, na yi aiki. Kyauta ce, tana shiga cikin Word, kuma ba ta buƙatar intanet sai lokacin da za ka jawo bayanin wata maƙala. Ga mu da muke lissafin data da cajin kwamfuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sauya tsari daga APA zuwa Vancouver dannawa kaɗan ne. Akwai Mendeley, akwai EndNote ta kuɗi, kowa da wadda hannunsa ya saba.

Inda aikin yake shi ne abin da manhajar ba ta gani. Duk abin da ka zuba mata shi za ta jera maka tsaf, ko daidai ne ko kuskure. Bayanan da ake jawowa daga intanet sukan zo da take duk da manyan baƙaƙe, ko babu lambar shafi, ko a mayar da sunan Hukumar Lafiya ta Duniya kamar sunan mutum mai uba da kaka. Sunan ƙwayar cutar, Schistosoma haematobium, dole a karkatar da shi, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, kuma sai da na bi take bayan take ina gyarawa da hannu. Kowace lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, na kwafe ta na liƙa bayan doi.org don in ga ko takardar da ta buɗe ita ce wadda muka ambata.

A wajen wannan bin diddigin ne na gamu da abin da ya fi damuna. Akwai wani adadi na yawan masu cutar da muka ɗauko daga wata maƙala. Da na buɗe ta, ita ma daga wata ta ɗauko, waccan kuma daga wata. Da na kai ga tushe, sai na tarar binciken a kan nau'in da ke kama hanji ne, Schistosoma mansoni, kuma a wata jihar daban aka yi shi. Na kai wa babbanmu, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan adadin ba namu ba ne." Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Cire shi. Abin da ba mu gani da idonmu ba, ba za mu sa hannu a kansa ba." Mu da muka tashi muna jin malamai na karanto isnadin hadisi, wane daga wane daga wane, bai kamata a koya mana wannan ba. Idan asalin takarda ta gagara samuwa, APA ta ba da hanyar da za ka nuna cewa ta bakin wani ka ji. Amma ka ambaci abin da ba ka buɗe ba kamar ka karanta shi, wannan cin amanar mai karatu ne.

Sai batun sunayenmu. Tsarin nan duka an gina su ne a kan sunan dangi guda da ba ya canzawa. Mu kuwa mutum na da sunan yanka, da na mahaifi, wani ya ƙara da na garinsu, Jega ko Argungu ko Zuru. Na ga mai bincike ɗaya da ya fito da sunan garinsu a wata maƙala, a wata kuma da sunan mahaifinsa, har na zaci mutum biyu ne. Ƙa'idar da na bi ita ce in rubuta sunan yadda yake a kan takardar da nake ambata, ko da na san mutumin na san yadda ake kiransa a gida. Mu kanmu sai da muka zauna kowa ya tsayar da yadda zai riƙa rubuta sunansa, muka buɗe ORCID, lambar shaidar masu bincike da aka fara bayarwa a 2012, don kada aikin mutum ya watse a ƙarƙashin sunaye barkatai.

Wani ma'aikacin lafiya ya ba mu bayani da baki kan rabon maganin praziquantel a makarantun yankin. Irin wannan ba ya shiga jerin manazarta, a cikin rubutu ake ambatonsa da kwanan wata, kuma mujallar ta nemi izininsa a rubuce. Kundin digirin ɗalibai kuwa ya shiga, da sunan jami'a da shekara.

Kafin turawa na buɗe maƙaloli biyu da mujallar ta buga kwanan nan na kwatanta da tamu, domin kowace mujalla na da 'yan sauye-sauyenta, wata lambar a cikin baka take so, wata a saman layi. Na ajiye kwafi ɗaya mai haɗe da Zotero saboda gyaran da masu bita za su nema, na cire haɗin daga ɗayan, shi na tura.