Wasiƙa daga Bajiniya: allunan da nake ta turo muku hotunansu

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙoƙari? Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Gaisuwar ta isa haka, don tambayoyi sun taru. Kusan duk wanda ya kira ni a WhatsApp abu uku yake son ji: ya sanyi, yaya ake samun takardar zama, sannan me ya sa hotunana babu dogayen benaye, sai gonaki da wasu alluna masu ruwan azurfa a bakin titi. Wani ƙanena har cewa ya yi anya Amurkar tawa ba jabu ba ce. Zan taɓa duka in Allah ya yarda.

Sanyi dai akwai shi daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙanƙara kan sauka jefi-jefi, amma ni zafin Yuli mai haɗe da gumi ya fi gallabata. Shi ke nan maganar sanyi.

Inda nake ƙauye ne sosai. Sunan gundumar Southampton, a kudancin jihar Bajiniya, kan iyaka da Karolina ta Arewa. Masu kallon ƙwallo kada ku ruɗe, ba ta Ingila ba ce. Gunduma a nan matsayin ƙaramar hukuma take da shi. An kafa wannan a 1749, faɗinta ya kai murabba'in mil 600, amma a ƙidayar 2020 mutanenta ba su cika 18,000 ba. Gyaɗa ake nomawa da auduga da masara da waken soya, kuma aikin gyaɗar ne ya kawo ni. Saboda haka yawancin yinina a kan hanyoyin gona yake ƙarewa, can kuwa allunan suke.

Kowane allo na ƙarfe ne, faɗinsa ya ɗan haura mita guda, a kan turke ɗaya. Fentin azurfa, rubutu baƙi mai tudu wanda za ka iya shafawa da yatsa, tambarin jiha a sama, da harafi da lamba a kusurwa don a san shi a rajista. Rubutun iri ɗaya ne gaba da baya. Jihar ta fara kafa su a 1927, a kan babbar hanya mai lamba 1 tsakanin Richmond da Fredericksburg, kuma tana alfahari da cewa shirinta ya girmi na sauran jihohi. Yanzu sun haura 2,500.

Abin haushin shi ne an ƙirƙiro su a zamanin da mota ke tafiyar hawainiya. Yau kana gudun mil 55 a sa'a, babbar mota ɗauke da gungume tana hura maka iska a ƙeya, sai ka hango allon, kafin ka karanta kan maganar ya wuce. In ka ce za ka tsaya, sau da yawa babu kafaɗar titi, sai kwalbati da gonar wani. Wata rana da kaka, lokacin da aka tone gyaɗa aka kifar da ita tana shan rana, na rakuɓe a kan hanya mai lamba 35 ina karanta wani allo. Sai ga akori-kura ta tsaya a bayana, wani dattijo farar fata ya fito, hularsa duk ƙura. Gabana ya faɗi, don baƙon baƙar fata a tsaye bakin gonar mutane ba ya rasa zullumi. Ashe tambaya ya zo yi ko mota ce ta lalace. Da na nuna masa allon sai ya yi dariya, ya ce tun yana saurayi yake wuce shi safe da yamma, bai taɓa karanta shi har ƙarshe ba. Muka karanta tare. Da muka gama bai ce komai a kai ba, ya tambaye ni ko a ƙasarmu ma ana noman gyaɗa.

Allon na Nat Turner ne. A daren 21 ga Agusta 1831, wannan bawan, mai wa'azi wanda ya iya karatu, ya tashi da 'yan tsirarun abokansa, suka fara daga gidan da yake bauta, gidan Joseph Travis. Suna bi gida-gida, wasu bayin na shiga cikinsu, har suka kashe fararen fata tsakanin 55 da 60, da yawansu mata da yara. Sun nufi hedikwatar gundumar, garin da a lokacin ake kira Jerusalem, amma cikin kwana biyu dakarun sa-kai suka tarwatsa su. Shi Turner ya ɓuya sama da wata biyu, aka kama shi ranar 30 ga Oktoba, aka rataye shi 11 ga Nuwamba. A 1888 aka sauya wa garin suna zuwa Courtland. Shekarar da ta biyo bayan tawayen majalisar jiha ta hana baƙar fata yin wa'azi, bawa ne ko ɗa.

To, labari ɗaya ne, amma ya danganta da allon da ka tsaya a gabansa. Akwai wani tsoho, tun na farkon shirin, da ke nuna inda gidan gonar wani Manjo Thomas Ridley yake. Abin da ya ga ya cancanci a zuba a ƙarfe shi ne cewa "amintattun bayi" sun tsare gidan don fararen da suka gudo su fake. Babu ko kalma a kan abin da ya sa bawa zai ɗauki gatari. Sannan akwai wani sabo fil a wata mararraba. Shekara da shekaru sunan wannan hanyar, Blackhead Signpost, a taswira da kan ambulan ɗin wasiƙu yana nufin turken kan baƙin mutum, mutane na zaune a kanta, motar makaranta na bi ta nan. Dalili kuwa, bayan tawayen fararen gari da dakarun sa-kai sun kashe baƙaƙe da dama, da masu hannu da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, aka tsire kan ɗaya a turke a wannan mararrabar don ya zama gargaɗi. Sai a 2021 aka cire rabin sunan, ya koma Signpost kawai, aka kafa allo da ya faɗi abin da ya faru ƙarara, har ya ce mai yiwuwa kan na wani maƙeri ne bawa mai suna Alfred. Shekara 190 kafin a samu bakin faɗa. Ba a tumɓuke tsohon allon ba. Kana iya karanta su biyun cikin tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, ka ga abin da kakanni suka zaɓi su faɗa da abin da jikoki suka ƙara.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki, wato takardun neman a kafa allo. Ni da na ɗauka gwamna ne ke tashi ya ba da kwangila. Ina! Kowa na iya nema: coci, makaranta, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko mutum ɗaya mai naci. Amma wahalar ta yi kama da neman takardar mallakar fili a gida, bambancin kawai nan in ka cika sharuɗɗa fayil ba ya ɓata. Dole abin ya kai shekara 50 da faruwa. Ba a yi wa mai rai. Dole muhimmancinsa ya wuce na danginku, ya shafi yanki ko jiha ko ƙasa, don haka kakanka ya yi arziki ba hujja ba ce. Za ka rubuta daftari da bai wuce kalma ɗari da 'yan kai ba, kuma kowace jimla sai ka haɗa ta da kwafin shaida: rajistar kotu, tsohuwar jarida, takardar gado, littafin masana. Ka aika ofishin kula da kayan tarihi na jiha a Richmond. Masana tarihinsu su bi shi layi-layi, su soke yabo, su soke "an ce", su mayar da "shi ne na farko" zuwa "yana cikin na farko" in ba ka da hujja. Daga nan wasu masanan na waje su duba. Sannan a kai gaban hukumar amincewa, wadda sau huɗu kacal take zama a shekara. In ka makara, sai zama na gaba. Ba a gama ba. Ma'aikatar sufuri sai ta zo ta ga wurin, ko allon zai tare wa direba gani. Kuɗin zubin, wanda ya haura dala dubu nesa ba kusa ba, daga aljihun mai nema yake fita. A wata maƙera da ke Marietta ta jihar Ohayo ake zuba shi. Duk wannan don rubutun da bai kai tsawon saƙon ɗaurin aure ba.

Da farko na ga abin ɓata lokaci ne. Da na zauna da masu neman allunan sai na fahimci cewa gardamar da ake yi kafin a zuba ƙarfen ita ce ainihin aikin. Kalma ɗari ba ta ɗaukar kirari. Dole a zaɓa, dole wani ya ji haushi, dole a kawo takarda.

Masu wannan naci a nan yawanci tsofaffi ne 'yan fansho, malaman makaranta da manoma, a ƙungiyar tarihin gundumar. Su ke kula da gidan adana kayan noma na da a Courtland, kuma su suka ɗauko gidan katako na Rebecca Vaughan ɗungurungum, gida na ƙarshe da aka yi kisa a tawayen, suka kawo shi cikin gari don kada ya ruɓe a gona. A wajensu na ji cewa Anthony Gardiner, wanda ya shugabanci Laberiya daga 1878 zuwa 1883, a wannan gundumar aka haife shi a 1820. A 2020 kuma gwamnan jihar na lokacin, Ralph Northam, ya buɗe gasa ga 'yan makaranta su ba da sunayen baƙaƙen fata da suka cancanci allo, aka kafa wa waɗanda suka yi nasara.

Ƙaramar gunduma, amma duba waɗanda ta haifa. Dred Scott, bawan da ya kai ƙara yana neman 'yanci har Kotun Ƙoli ta yanke a 1857 cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, nan aka haife shi a hannun iyalin Blow, kuma yana da allonsa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Janar George Thomas. Yana ɗan shekara 15 ya gudu daji da mahaifiyarsa da 'yan uwansa mata lokacin tawayen Turner. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, jiharsa ta ɓalle, shi ya ƙi bin ta, ya yi yaƙi a ɓangaren Arewa, ya yi suna a fagen daga na Chickamauga a 1863. 'Yan uwansa mata suka juya hotonsa ya fuskanci bango. Ya rasu a 1870 aka binne shi a Troy ta jihar Niyok, babu ɗan uwansa na jini ko ɗaya a wajen. Yau akwai allo da ke nuna gidan haihuwarsa, akwai kuma titi da sunansa a ƙasar da ta yi masa baki.

Maganar takardar zama doguwa ce, kuma dokokinta na sauyawa. Abin da zan ce yanzu kawai, kada wanda ya ba ɗan tsakiya kuɗi don ya yi masa alkawarin biza.

Duk sanda na tsaya gaban allon mararrabar nan, Satiru nake tunawa, kudu da Sakkwato kamar mil 14. A Fabrairun 1906 talakawa da bayin da suka gudo suka fatattaki rundunar Turawa, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutane wajen 2,000, aka hana sake zama a kufan. Wa zai rubuta kalma ɗarin Satiru, kuma wa zai sa hannu? Jikokin kowane ɓangare suna nan da ransu. Burmi ta fi sauƙi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903, don kan jama'a a haɗe yake a kanta. Ban ce a fara da mai zafi ba. Su ma nan da yaƙe-yaƙe da gidajen manya suka fara. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu da ke iya tara kuɗin ƙofar gari da kalanda, ba za su gaza allo ɗaya ba: nan tsohuwar marina take, nan ayarin fatake ke zango, nan dalar gyaɗa ta tsaya, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A sa malamin tarihi na sakandare da ɗalibansa su je wurin dattawa da wayar ɗaukar murya, su ji daga baki fiye da ɗaya, su nemi abin da ke rubuce a Gidan Arewa da ke Kaduna, sannan a zauna a zaure a yi gardamar a gaban kowa. Sunan mai ba da gudummawa kada ya fi sunan mai tarihin girma a jikin allon.

Na san abin da za ku ce: kafin sati ya zagayo 'yan gwangwan sun auna shi a sikeli. Gaskiya ne. To a yi na siminti, a tona rubutun tun yana ɗanye. A rubuta da Hausa, boko a gefe ɗaya ajami a ɗayan, don tsohon da ya ba da labarin ya iya karanta abinsa ya ce an yi daidai ko an yi ƙari. Kuma don Allah a kafa shi inda mutane ke tsayawa da ma, bakin tasha ko kusa da mai shayi, kada ku kwaikwayi na nan da ake dasawa a bakin kwalbati.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan uwanku a Bajiniya