Karatun sawu: inda na kai, da batun ɓaunar da ta ƙi cika ma'aunin littafi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon bin sawu. Ga inda aka kwana tun ɗaukewar damina.

Zubin sawu, wato zuba kwaɓi cikin sawun dabba ya daskare a ɗauko siffarsa, ya fara fitowa yadda nake so. Garin POP ɗin nan da masu silin ke aiki da shi nake saye, gwangwani biyu na gari, ɗaya na ruwa. Garin ake barbaɗawa cikin ruwa, in aka juya abin sai gudaji. Nakan yanko zobe daga gorar ruwa ta roba, in kafa shi kewaye da sawun, in zuba kwaɓin daga gefe ya gangara da kansa. Wanda ya kwarara shi a tsakiya ya rushe bakin kofato, alhali bakin nan ake nema. Bayan kamar rabin awa a haƙo shi da ƙasarsa, a naɗe a jarida, kada ya ga ruwa sai washegari. Hoto kuwa da sassafe ake ɗauka, lokacin da haske ke zuwa a karkace yana jefa inuwa cikin ramin, da rula a ajiye a gefe. Har yanzu a mashayar shanu da awaki nake yawancin gwajina, kuma nan nake ba kowa shawara ya fara. A Yankari ba a sauka daga mota sai ma'aikacin gandun ya ce a sauka.

Wani ɗan'uwa daga Gombe ya aiko da tambayar da ta ci min lokaci fiye da zubin. Ya auna sawun ɓauna a bakin kogin Gaji da ke Yankari, ya duba littafinsa na sawun dabbobi, ya ga nasa bai kai ba, shi ne yake tambaya ko na maraƙi ya samu. Malam, kafin komai ka cire abu uku. Laka tana buɗa sawu, yashi yana rufta shi. Kofaton gaba ya fi na baya girma, don gaba ke ɗauke da kai da wuya. Dabba mai gudu kuma kofatonta warewa yake yi. In ka cire waɗannan har yanzu bai cika ba, to juya bangon littafin ka ga inda aka buga shi. Mafi yawansu a kudancin Afirka ko gabashinta aka yi awon. Ɓaunar can baƙa ce wuluk, babban sa yakan haura kilo 800. Ta kurmin Kwango ja ce, 'yar ƙarama, tsakanin kilo 250 zuwa 320. Tamu ta Yankari tana tsakaninsu. Haka mazo: namu mai zane a jiki bai kai na kudu jiki ba.

Da na bi diddigin dalili, sai na tarar dabbar da aka yi wa wannan bincike sosai ba tamu ba ce. Barewar nan ce ta ƙasashen sanyi mai ƙaho da rassa, wadda ƙahonta ƙashi ne zalla, yana faɗuwa duk shekara wani ya tsiro. Babu irinta a dajin Nijeriya. A Afirka sai a duwatsun Atlas. Akwai wata mai farar wutsiya da ta bazu tun daga Kanada har Peru. A arewa namijinta yakan wuce kilo 100 ba wuya, har a 1926 aka harbi wani a jihar Minesota ta Amurka da ya haura kilo 180 bayan an fitar da kayan ciki. Ita dai wannan dabbar, a 'yan tsibiran da ke kudancin Filorida, namiji kilo 25 zuwa 34 ne. Akuyar gida ke nan.

Bayanin da kowa ke fara kawowa na wani Bajamushe ne, Carl Bergmann, tun 1847. Ya ce dabba mai ɗumin jini takan fi girma inda aka fi sanyi. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa shan kunu da hunturu: na ludayi ya huce tuni, na tukunya yana nan da zafinsa. Jiki in ya girma, cikinsa ya fi fatarsa saurin ƙaruwa, kuma ta fata zafi ke fita. Ga kuma kitse, babban jiki ya fi daɗewa yana cin ajiyarsa in ƙanƙara ta rufe ciyawa.

Maganar tana da daɗin ji, amma ni ba ta ƙosar da ni ba, kuma ashe ba ni kaɗai ba. Valerius Geist, wani masanin dabbobi a Kanada, ya nuna a 1987 cewa girman yana ƙaruwa ne in ana ƙara yin arewa, har wajen layin digiri 60 zuwa 65 a taswirar duniya, daga nan sai ya fara raguwa, alhali sanyin ƙaruwa yake. A ganinsa abinci ne: tsawon lokacin da dabba ke samun ɗanyen toho mai gina jiki a shekara. Wannan duk makiyayi ya san shi ba tare da littafi ba. Ciyawar farkon damina ita ke sa nama. In ta yi kara ta bushe, ciki take cikawa kawai.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne gwajin da aka yi a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, aka wallafa a 2009. Barewar duwatsun Black Hills ƙanana ne, amma na gabashin jihar, inda gonakin masara suke, manya ne. An kamo jarirai daga ɓangarorin biyu, aka tsare su wuri ɗaya, abinci ɗaya mai kyau. 'Yan dutsen suka girma, amma suka tsaya ƙasa da 'yan gona. Da a nan aka tsaya, da an ce jini ne. Sai 'yan dutsen suka haihu a tsare, 'ya'yansu maza suka ɗara ubanninsu nauyi da kusan kashi 30 cikin 100. Wato yunwar da uwa ta sha da ciki tana bin ɗa har ya tsufa ko da ya samu ƙoshi daga baya, sai a jika ake ganin gyaran. An ga mai kama da haka da jar barewar tsaunukan Sikotland, wadda take a tsumbure a gida. Da aka kai ta yankin Otago na Niyu Zilan a 1871 ta samu sabon daji, zuriyarta ta yi jiki da ƙahon da ba a saba gani a gida ba.

Cunkoso ma yana rage jiki. A 1944 an saki barewar ƙanƙara 29 a tsibirin St. Matthew na Alaska, ba mai farautarsu. A 1963 sun kai 6,000, sun cinye abincin, nauyinsu ya ragu. Sanyi mai tsanani ya biyo baya, a 1966 guda 42 aka ƙirga. Sai shekaru, wanda aka fi mantawa: namijin mai farar wutsiya ba ya cika jiki sai wajen shekara biyar. Inda bindiga ta yi yawa ba ya kaiwa. Wani dattijon maharbi da nake zuwa ɗaukar karatu wurinsa a Alkaleri, da na ce masa, "Baba, wai gwankin da ya fi na yanzu girma?" dariya ya yi, ya ce gwanki bai sake ba, barinsa ya tsufa ne aka daina.

Ban ce jini ba ya aiki ba. Ɓaunar kurmi ko an ɗaure ta a kan harawa ba za ta zama ta Afirka ta Kudu ba, don ƙaramin jiki da ƙahon da ya kwanta baya su ne ke ratsa sarƙaƙiya. Amma a nan wajenmu, inda sanyin bai taka kara ya karya ba, in na ga bambancin jiki, ruwan sama da ƙasa da kanwar lasa zan fara tuhuma.

Saboda haka na sake tsara littafin awona. Ban da tsawo da faɗi, kowane sawu yanzu yana da gurbin wuri, wata, irin ƙasa, ƙafar gaba ko ta baya, tafiya ko gudu, da tazarar taki. Bayan kowane zubi ma ina rubuta wuri da kwanan wata da fensir. In rani ya yi nisa, dabbobi suka taru a Gaji, gwambaza da kanki zan sa a gaba, don har yanzu sawunsu yana rikita ni a yashi. 'Yan Gombe, wanda ke kusa da Dadin Kowa ya duba bakin ruwa da asuba, ko gada ce ya samu ya auna, ya turo tare da hoton ƙasar wurin.