Na hau rufin da aka kafa tutar nan a Berlin

Duk mai kallon shirye-shiryen yaƙin duniya na biyu ya san hoton nan, soja ya ɗare can ƙolin wani gini yana kafa jar tutar Sobiyet, wani ya tallafe shi kar ya faɗo, ƙasa kuma gari ya zama kufai sai hayaƙi. To a tafiyar da na yi Jamus kwanan nan Allah ya nufa na taka rufin da ƙafata, wato ginin Reichstag inda majalisar dokokinsu ke zama yanzu.

Mai masaukina wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi da ya daɗe a can, shi ya mana rajista ta intanet tun kafin na iso don ba a faɗawa haka kawai, sai ka zo da fasfo a caje ka tsaf. Amma ko sisi ba a karɓa. Wannan ya ɗaure mun kai wallahi, garin da shiga bayi a tasha sai ka ajiye yuro 1, shawarmar Turkawa yuro 7, amma majalisa kyauta, mu a gida talaka ko kusa da get ɗin ba ya tunanin zuwa. A hanya ne ma wani mai duba tikiti a jirgin ƙasa ya tsallake fasinjoji reras ya zo kanmu, ya juya tikitina gaba da baya yana harara kamar ya kama ɓarawo, da ya ga ba matsala ya miƙo ko sannu babu. Na so in yi magana Alhaji mai masaukin nawa ya dafa ni ya ce "ƙanina ƙyale shi, ba shi ya kawo ka ba."

Abun da ya fara tsayar da ni a ciki rubutu ne a bango. Sojojin Sobiyet da suka ci ginin a 1945 sun bi bangon da gawayi da alli suna rubuta sunayensu da garuruwansu da kwanan wata. Da aka zo gyaran ginin kafin majalisa ta dawo a 1999 aka tono rubutun, aka yi ta muhawara, ƙarshe aka bar wani sashe, yau ƴan majalisa ta gabansa suke wucewa. Ni dai na jinjina musu, da mu ne fenti za a shafe shi da shi a wuce wurin.

Labarin hoton kuwa daga mai mana jagora na fara jinsa. Shugaban Sobiyet Stalin ya so a ci ginin kafin bikin 1 ga Mayu, kuma an kafa tuta da daren 30 ga Afrilu ana tsaka da ɓarin wuta, duhu, ba wanda ya ɗauka. Sai ran 2 ga Mayu mai ɗaukar hoto Yevgeny Khaldei ya hau da tasa tutar, wadda wani tela ya ɗinka masa a Mosko da jan ƙyallen shimfiɗa tebur, ya samu sojoji uku ya ce su hau. Kafin a buga aka lura wanda ke tallafen yana da agogo a kowane hannu, za a ce ganima ya kwasa, sai aka kankare na hannu ɗaya, aka kuma ƙara hayaƙi a sama. Mujallar Ogonyok ta buga shi ran 13 ga Mayu.

Ni ba agogon ne ya dame ni ba, sunayen ne. Gwamnatin Sobiyet ta ɗaukaka wasu sojoji biyu, Yegorov da Kantaria, a matsayin masu tutar nasara, na cikin hoton kuwa aka yi shiru da su shekara hamsin. Mai tallafen sunansa Abdulhakim Ismailov, daga Dagestan, sai 1996 aka ba shi lambar gwarzon Rasha, ya rasu 2010. Da na ji sunan sai da tsigar jikina ta tashi. Shi kansa Khaldei Bayahude ne, ƴan Nazi sun kashe mahaifinsa da ƴan uwansa mata, kuma 1948 aka sallame shi daga aiki. Wasu na cewa ai hoton shiri ne don haka ƙarya ne, ni ban yarda ba, mutanen nan da gaske suka yi yaƙin har suka iso rufin. Ina tsaye a can iska na kaɗa ni kakanninmu da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Bama a wannan yaƙin nake tunawa, nawa ne cikinmu zai iya kawo sunan ko mutum biyar?

Daga nan muka gangara wurin tunawa da sojojin Sobiyet a Tiergarten, ga tankokinsu na T-34 biyu a bakin titi. A maƙabartar Treptower Park kuma sojojin Sobiyet kusan 7,000 ke kwance, tsit, ko takarda ba ka gani a ƙasa. Gidan tarihi na Karlshorst inda Jamus ta sa hannun miƙa wuya, nan ma shiga kyauta.

Ran Lahadi na fita sayen tsaraba na tarar shaguna duk a rufe, haka dokarsu take, sai a babbar tashar jirgi na samu cakulan da tsada. Matar Alhaji ce ta cika mun jaka da shayi da man shafawa, na yi na yi su karɓi wani abu suka ƙi, Allah ya saka musu da alheri.